Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen injin dizal na janaretan gida

Tambayoyin nan su ne dai waɗanda ake ta maimaita min kullum, wani ya zo yana shirin saye, wani kuma ya riga ya saya ya shiga uku yana neman mafita. Shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda in amsa iya abin da na sani. Maganar duk a kan janaretan gida ce, wanda za ka tayar in an ɗauke wuta, ba na masana'anta ba.

Me ya sa dizal, ba fetur ba?

Ya danganta da yawan awannin da za ka riƙa kunna shi. In wuta ba ta cika ɗaukewa a wajenka ba, sau ɗaya ko biyu a wata na 'yan awanni, to gaskiya ɗan janaretan fetur ma ya ishe ka, kar ka wahalar da kanka. Amma in kullum sai ya yi awa biyar, shida, takwas yana aiki, nan ne dizal yake nuna kansa. Shi injin dizal ba ya da fulogi, iska yake matsewa sosai, kamar ninki 16 zuwa 22, har ta yi zafin da in an feso mai sai ya kama da kansa, kuma wannan matsin ne ya sa yake tatsar aiki daga kowace lita fiye da na fetur. Saboda matsin ne kuma dole aka ƙera shi da ƙarfe mai kauri, shi ya sa yake da nauyi kuma yake jimawa. Sannan ajiye man dizal ya fi kwanciyar hankali, fetur ko cikin sanyi tururinsa yana kamawa da wuta, dizal kuwa sai ya yi zafi ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama.

Wane girma zan saya? Ba gara in sayi babba ba in huta gaba ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna wallahi, don nan ne mafi yawan mutane suke yin asara suna ganin dabara suka yi. Injin dizal ba ya son zaman banza. In ka ɗora masa lodin da bai kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba ka bar shi yana ta yi awa da awanni, cikin silinda ba ya yin zafin da ya kamata, man ba ya ƙonewa duka, zoben fiston ba ya kamewa da bango yadda ake so, sai ragowar mai da baƙin toka su riƙa taruwa a kan nozul da bawul da cikin salansa. Na taɓa zuwa duba wani babban janareta mai kVA 30, wato ma'aunin girman janareta, a gidan da duk kayan wutarsu in an haɗa ba su wuce kilowat 3 ba, ina zagawa bayansa na ga wani baƙin ruwa mai kauri kamar kwalta yana ɗiga daga mahaɗar salansa har ya yi tabo a siminti, mai gidan yana ce min baƙin mai yake zubarwa, na shafa a yatsa na shinshina, warin ɗanyen dizal ne da toka. Injin ko shekara biyu bai yi ba. Ba abin da ya same shi sai rashin aiki.

To ka zauna da biro da takarda ka lissafa abin da za ka kunna lokaci ɗaya, ba duk abin da ke gidan ba. Misali ƙwan fitila 15 masu wat 10, wat 150 ke nan, fanka huɗu kamar wat 300, firji da firiza kamar 400, talabijin da caji da 'yan tarkace 250, esi ɗaya mai doki ɗaya da rabi wajen 1,200, famfon tura ruwa mai doki ɗaya wajen 1,000. Duka ya kama 3,300. Irin wannan gida janareta mai kilowat 6 zuwa 7 ya yi masa daidai, zai riƙa aiki a kusan rabin ƙarfinsa ko sama kaɗan, kuma akwai sarari in an jona dutsen guga. Abin da ake so shi ne injin ya riƙa zama tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari mafi yawan lokaci. Lambobin da na sa misali ne kawai, kai ka duba 'yar takardar da ke manne a bayan kowane kaya naka, ko mafi kyau ka sa mai gyaran wuta ya maƙala mita a babbar wayar gidan lokacin da komai ke kunne.

To me ya sa in famfo ko esi ya tashi sai fitilu su dushe, injin ya yi gurnani?

Duk abin da ke da mota a ciki, wato injin lantarki mai juyawa, famfo, firiza, esi, a daƙiƙar da zai tashi yana jan wuta ninki uku zuwa shida na abin da yake ja in ya riga ya ɗau gudu. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ne amma dole janareta ya iya ɗauka. Don haka a lissafinka ka ɗauki mota mafi girma a gidan ka ninka ta uku aƙalla, ka ɗora a kan sauran lodin, ka ga ko janaretan zai jure. Maganin wannan ba lallai sai ƙara girman inji ba, sau da yawa tsari ne kawai, a fara tayar da babbar mota tukuna sannan ƙanana su biyo baya, kar a saki komai lokaci guda. Esi na zamani mai inbata kuma a hankali yake tashi, ba ya wannan fizgar.

Mene ne bambancin kVA da kW? Masu sayarwa kVA kawai suke faɗa.

Suna faɗar kVA ne don lambar ta fi girma. A janareta mai fes uku, wato mai layukan wuta uku, ana ninka kVA da 0.8 ne a samu kilowat, wato mai kVA 10 kilowat 8 ne ainihin abin da zai ba ka. Ƙananan masu fes ɗaya da yawa ana rubuta su kVA ɗaya daidai da kilowat ɗaya, wasu kuma da 0.8 ɗin, sai ka karanta farantin da ke jikinsa. Injin shi kilowat ya sani, da shi za ka yi lissafi.

Doki nawa injin zai kasance kafin ya ja koyil mai kilowat kaza?

Doki ɗaya wat 746 ne, amma koyil, wato ɓangaren da inji ke juyawa ya samar da wuta, ba ya mayar da duk abin da aka ba shi ya zama wuta, ƙananan kan yi asarar kashi 10 zuwa 20, ga fanka da famfon ruwa da cajin batir duk suna ci daga jikin injin. Shi ya sa masu haɗa janareta suke cewa ka ba kowane kilowat doki biyu, koyil mai kilowat 6 ya samu inji mai doki 12. Amma ka kula da wani tarko, dokin da aka rubuta a jikin inji a wani gudu aka auna shi. In an rubuta doki 20 a zagaye 3,000 cikin minti, kai kuma za ka riƙa juya shi a 1,500, to kusan rabi za ka samu. Ka nemi takardar injin ka ga ƙarfinsa a gudun da zai yi aiki.

Ina jin ana cewa 1,500 da 3,000, wanne ya fi?

In za ka riƙe abu biyu kacal daga duk bayanin nan, ka riƙe girman lodi da wannan. Gudun janareta ba zaɓin son rai ba ne, wutar ce take tilasta shi. Ƙasashen da wutarsu ke kan Hz 50, wato tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kamar Turai da mafi yawan Afirka da Asiya, koyil mai ƙafa huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, dole ya juya sau 1,500 a minti, mai ƙafa biyu kuma sau 3,000. Inda ake Hz 60 kamar Amurka lambobin su ne 1,800 da 3,600. Mai 3,000 ƙarami ne, ba nauyi, ya fi araha, amma a kowace awa yana juyawa sau 180,000 yayin da ɗan'uwansa ke yin 90,000, ka ga kuwa zobe da biyarin da bawul ba za su yi kwana ɗaya ba. Ga ƙara, mai 3,000 ihu yake yi mai shiga kunne, mai 1,500 kuwa gurnani ne a ƙasa-ƙasa wanda har za ka iya barci kusa da shi in yana cikin akwati. Ni dai ra'ayina a fili yake, in janaretan zai yi aiki kullum kar ka ma tsaya kallon mai 3,000, ka daure ka tara ka sayi mai 1,500. In kuwa na ko-ta-kwana ne da ba zai wuce 'yan awanni a mako ba, mai 3,000 zai yi maka shekaru lafiya lau.

Mai sanyaya da iska ko mai lagireto?

Ƙananan masu silinda ɗaya yawanci da iska ne, ba ruwa ba tiyo ba abin da zai yoyo, amma sun fi ƙara kuma suna bukatar iska tana ratsa su sosai, in ƙura ta toshe haƙarƙarin silinda sai zafi ya kama su. Mai lagireto zafinsa a daidaice yake, ruwan da ya kewaye silinda kuma yana rage ƙara, shi ya fi dacewa da dogon aiki. Ba wai na iska ba shi da inganci ba ne, Deutz da Hatz na Jamus sun yi suna da injinan iska masu taurin rai, amma irin waɗannan daban suke da 'yan ƙananan da ake sayarwa barkatai ba suna ba asali.

Na ga an rubuta ƙarfi iri biyu a takarda ɗaya, wanne ne gaskiya?

Duka gaskiya ne, ma'aunin ISO 8528 ne ya raba su. Akwai ƙarfin ko-ta-kwana, shi ne babbar lambar, an yi shi don inda wuta ke ɗaukewa jefi-jefi, awa 200 a shekara. Akwai kuma ƙarfin aikin yau da kullum, wanda yawanci ya gaza na farkon da kusan kashi 10, shi ba a ƙayyade masa awanni ba matuƙar matsakaicin lodin bai wuce kashi 70 ba. Yi lissafi, in kana kunna shi awa huɗu kacal a rana, cikin kwana 50 ka cinye awa 200 ɗin nan. Don haka duk da sunansa janaretan ko-ta-kwana, in ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare a wajenka, da ƙaramar lambar za ka yi aiki.

Sannan duk lambobin nan an auna su ne a zafin digiri 25 kusa da gaɓar teku. Inji marar turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk hawan mita 300, zafin gari ma yana rage masa kaɗan, to in kana kan tudu ko wuri mai tsananin zafi ka bar masa ɗan sarari a lissafi.

Wane kamfani ya fi?

Wanda bakaniken da ke kusa da kai ya san cikinsa kuma za ka samu filtarsa da nozul ɗinsa a ranar da ka nema. Wallahi wannan ya fi suna muhimmanci. Perkins na Ingila, wanda ya koma hannun Caterpillar a 1998, da Kubota da Yanmar na Japan, da Cummins na Amurka, da Lister Petter, duk sanannu ne kuma sun cancanci sunansu, amma inji mai kyau da ya kwanta wata biyu ana jiran famfon mai daga wata ƙasa bai amfane ka da komai ba. Kafin ka biya kuɗi ka rubuta lambar filtar mai, filtar baƙin mai, filtar iska da fambel, ka fita ka nema kamar yau kake bukata. In ka sha wuya kafin ka samu, to ka ga abin da ke jiranka. Kuma ka sani sunan da ke jikin akwati sau da yawa na wanda ya haɗa ne, injin na wani, koyil na wani, sai ka buɗe ƙofa ka karanta farantin kowanne, ka kwatanta lambar injin da wadda ke cikin takarda don jabu sun yi yawa. A ɓangaren koyil sunayen da aka sani su ne Stamford, Leroy-Somer da Mecc Alte.

Tsofaffin injinan nan masu manyan ƙafafun ƙarfe biyu fa, har yanzu suna da amfani?

Lister CS kake nufi, wanda aka fara ƙerawa a Ingila wajajen 1930 aka daina a 1987, har yau kuma ana kwaikwayonsa a Indiya. Mai silinda ɗayan doki 6 ne a zagaye 650 kacal cikin minti, za ka iya ƙirga bugunsa da kunne, yana ba da wuta kamar kilowat 3, kuma da 'yan sifanu kaɗan za ka kwance shi ka mayar. Ina son injin nan ƙwarai. Amma nauyinsa ya haura kilo 300, sai an zuba masa siminti mai kauri, da hannu ake tayar da mafi yawansu, ƙafafun nan a buɗe suke suna juyawa wanda hatsari ne babba a gidan da ke da yara, kuma na kwaikwayon wasu sukan zo da yashin wurin zubi a cikinsu sai an wanke tas kafin a tayar. Na mai son taɓa inji da hannunsa ne, ba na wanda ke son danna maɓalli ya koma ɗaki ba.

Zan iya sayen inji daban, koyil daban, in haɗa?

Za ka iya, mutane da yawa sun yi. In gudun injin daidai yake da na koyil sai a haɗa su kai tsaye, amma dole bakin injin da na koyil su zama lamba ɗaya a ma'aunin SAE, wato ma'aunin girman mahaɗar inji, in koyil ɗin mai biyarin ɗaya ne. In gudun ya bambanta sai fuli da bel. Misali injin S195 na Sin mai doki 12 yana gudu 2,000, koyil yana son 1,500, to fulin inji ya zama santimita 15 na koyil 20. Abin da ba a wasa da shi shi ne gwamna, wato abin da ke riƙe gudun inji wuri ɗaya ko lodi ya ƙaru ko ya ragu. Gwamnan ƙarfe yana barin gudun ya sauka kamar kashi 3 zuwa 5 in an ɗora cikakken lodi, shi ya sa ake saita shi wajen Hz 52 in ba lodi, kuma wannan bai damun kayan gida. Gwamnan lantarki shi kusan ba ya barin gudun ya motsa. Koyil ɗin kuma ya zama mai AVR, wato na'urar daidaita bolt, don ƙarfin wutar ya tsaya cak.

Injin tsohuwar mota fa?

Ba na ba da shawara. An yi shi ne ya bi ƙafar direba, ba ya riƙe gudu ɗaya, sai ka nemo masa gwamna, na zamanin kuma kwamfutarsu ba ta yarda su tashi in an raba su da motar. Kuma ya yi wa gida girma, ka koma matsalar rashin lodi.

Mai turbo ko marar turbo? Famfon mai na da ko na zamani?

A girman janaretan gida marar turbo ya wadatar, ya fi sauƙin gyara kuma ya fi ɗaukar lodin da aka saka masa farat ɗaya. In mai turbo ne ka saba da cire lodi ka bar shi minti uku zuwa biyar kafin ka kashe. Famfon mai na da, na ƙarfe zalla, ya fi haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, na zamani mai kwamfuta yana tura mai da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa sama a ma'aunin matsi, hayaƙinsa kaɗan ne kuma ƙararsa da sauƙi, amma ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan sai ya lalata nozul. Wasu ƙasashen dokar hayaƙi ce ke yanke irin wanda za ka iya girkawa, sai ka bincika ta inda kake.

In na hannu zan saya me zan duba?

Ka ce kar a tayar da shi kafin ka zo, ka dafa jikinsa ka tabbatar da sanyi yake, don inji mai zafi yana ɓoye laifinsa. Mai lafiya bugu ɗaya ko biyu ya tashi, ya ɗan yi hayaƙi ya washe. Yana cikin aiki ka kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba, in yana ɗan rawa a wurinsa ba komai, in kuwa iska na cilla shi sama hayaƙi na bulbulowa to zobe ya tafi. Ka zaro sandar awon mai, in ya yi fari-fari kamar an zuba madara ruwa na shiga. Ka leƙa lagireto tun da sanyi ko akwai maiƙo a saman ruwan. Sai kalar hayaƙi, baƙi yana nufin lodi ya yi yawa ko filtar iska ta toshe ko nozul ya gaji, shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ya yi zafi ɗanyen mai ne ko ruwa. Kar ka yarda da agogon awanni shi kaɗai don ana canza shi. Kuma ka dage a ɗora masa lodi na gaske, hita ko dutsen guga da yawa, kusan cikakken ƙarfinsa, na aƙalla rabin awa kana kallon zafi da Hz. Duk wanda ya hana ka wannan gwajin ka kama gabanka.

Mai nawa zai riƙa sha?

Inji mai lafiya da ke ɗauke da lodi daidai yana shan kamar kashi uku cikin goma na lita a kan kowane kilowat a awa ɗaya, ƙananan kan ɗara haka kaɗan. Gidan misalinmu mai kilowat 3.3 zai sha lita ɗaya da 'yan kai a awa. Babban inji marar lodi kuwa zai sha fiye da haka sosai don ya ba ka wutar nan dai, saboda juya kansa ma mai yake ci.

Wace kulawa yake bukata?

Juyen baƙin mai na farko bayan awa 50, daga nan mafi yawan masu lagireto duk awa 250, ƙananan na iska kusan duk awa 100, amma littafin injinka shi ne alƙali. Baƙin mai na dizal za ka sa, 15W-40 shi aka fi amfani da shi, kuma ko awannin ba su cika ba ka juye sau ɗaya a shekara. Ka sa filta mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji ka riƙa tsiyaye ta. Dizal da aka ajiye ya wuce wata 6 zuwa 12 yana fara lalacewa, in ruwa ya kwanta a ƙasan tanki wasu ƙwayoyin halitta na girma a wurin su zama majina baƙa mai toshe filta. Kar ka bari mai ya ƙare yana cikin aiki, iska za ta shiga bututu sai an fitar da ita kafin ya sake tashi. Batir kuma shi ya fi ba mutane kunya ranar da ake bukata, ka sa masa 'yar caja, ka riƙa tayar da injin aƙalla sau ɗaya a wata da lodi a kansa na rabin awa.

Fes ɗaya ko fes uku?

In ba ka da wata mota mai fes uku a gidan ka ɗauki fes ɗaya. Mai fes uku kowane layi kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin kawai yake ɗauka, kuma sai ka raba lodin daidai tsakaninsu, abin da ke da wuya a gida.

A ina zan ajiye shi, kuma yaya zan jona shi da gida?

A waje, nesa da taga da ƙofa, bakin salansa na kallon inda ba mutane. Ana cewa hayaƙin dizal bai kai na fetur guba ba, e iskar kabon monoksaid ɗinsa ta fi kaɗan, amma a rufaffen wuri tana kisa, ba ta da wari ba ta da kala, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Don Allah kar a sa shi a gareji ko lungun cikin gida ko da an buɗe ƙofa, kuma a sa na'urar da ke ƙara in iskar ta taru kusa da ɗakunan kwana. In za a gina masa ɗaki a bar hanyar shigar iska mai faɗi da wata ta fitar zafin lagireto, a ɗora shi kan robobin da ke shanye girgiza, a fitar da salansa waje da bututun ƙarfe.

Jonawa kuma sai ta canjoba, na hannu ko mai sauya kansa, wanda ke raba gidan da layin wutar gari gaba ɗaya kafin ya karɓi ta janareta. Masu cusa waya a soket su tura wuta cikin gida suna iya mayar da ita kan layin waje, taransfoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara yana zaton layin a mace yake, in wuta ta dawo kuma koyil ɗin ya ƙone nan take. Ƙwararren mai aikin wuta ne zai yi wannan haɗin, ya kafa masa wayar ƙasa, ya sa bireka daidai da ƙarfin koyil ɗin.